Ƙafata ta Hagu da Mutumin Matazu

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bakori, idan an baro Funtuwa a ratse kaɗan. Noma na tarar ana yi a gidanmu, kuma shi nake yi yanzu. A tsakani na yi aikin soja, na je yaƙi, na dawo. Idan aka zauna hira a ƙofar masallaci bayan la'asar, labarin harbi mutane ke so in ba su. Ba na bayarwa. Abin da zan rubuta a nan labarin ƙafata ta hagu ne, da mutumin da ya sa har yau take tare da ni. Zan bi shi daga farko, don ba na son maganar da aka faro daga tsakiya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gona uku yake nomawa: masara a bayan gida, dawa a jigawa, auduga a laka. Da damina babu mai sa takalmi a cikinmu. Saboda haka kusan kowane mako sai wani ya taka ƙaya, ko tsinin kara, ko fartanya ta goce ta sare shi. Akwai yadda ake yi, kuma ba ya canjawa. Da farko a matse wurin har baƙin jini ya fita. Sannan a wanke da ruwan gishiri. Sannan a ɗiga kananzir. Sannan a ɗaure da tsumma tamau, ba a kwancewa sai bayan kwana uku. Daga nan mutum ya ɗauki fartanyarsa ya koma inda ya tsaya. Mahaifinmu ba ya faɗa idan ya ga ɗayanmu na ɗingishi. Sai dai washegari ya ba shi gefen gonar da ya fi ciyawa. Da haka muka koyi takawa daidai a kan ciwo. Kuma gaskiya ciwon yana warkewa. Ban taɓa ganin ya kwantar da wani a gidanmu ba.

Da ya rasu aka raba gonakin, mu maza biyar. Abin da ya zo hannuna ba zai ciyar da gida ba. Ina da takardar firamare, na kuma taɓa sakandare kafin in bari. Da aka zo ɗaukar kuratan soja na je, aka auna tsawona da ƙirjina, aka sa mu gudu, aka ɗauke ni. Gonar na bar wa yayana ya riƙe.

A wurin horo na gane cewa ƙafar manomi dukiya ce. Idan aka yi doguwar tafiya da kaya a baya, yaran birni sukan dawo ƙafafunsu duk bororo, wasu har da kuka. Ni kuwa tafin ƙafata kamar ƙirgi yake. Malaman horo sun koya mana kula da ƙafa, sun nanata har mun haddace: a wanke, a goge tsakanin yatsu har ya bushe, a canja safa, kowane rauni komai ƙanƙantarsa a kai rahoto. Na haddace, na kuma faɗa daidai ranar jarrabawa. Amma a raina na ɗauka wannan karatun na yaran birni ne.

A can na haɗu da mutumin da zan yi magana a kansa. Bafillatani ne daga wajen Matazu, irin waɗanda suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, Fillancin ma kaɗan ya rage a bakinsa. Siriri ne, ga surutu, ga dariya, kayansa kullum a warwatse. Ni kuma ba na iya barci sai na jera takalmina baki ɗaya. Gadonsa na kusa da nawa, don haka ni nake gyara masa shimfiɗa kafin a zo dubawa, don kada a hukunta mu tare. Shi yana kirana Kaɗo, ni ina kiransa Ɗan Fulani. Da aka gama horo aka tura mu rukuni ɗaya. A layin tafiya ni ne na huɗu, shi ne na biyar. Haka ya yi shekaru yana kallon diddigena.

Sai aka tura mu gabas, inda ake yaƙi. Mu sojan ƙasa ne, aikinmu da ƙafa muke yin sa. Wanda bai yi ba yana zaton kullum harbi ake yi. Mafi yawan kwanaki tafiya ce, da haƙa rami, da jira. Idan muka isa wuri, da farko rami, sannan a sa masu gadi, sannan ruwa, sannan abinci, salla kuma bi da bi, rabi na yi rabi na tsaye da bindiga. Haƙa rami bai taɓa ba ni wuya ba, har na kan gama nawa in taya Ɗan Fulani, yana zaune a baki yana cewa Allah ya halicci Kaɗo don tonon ƙasa. An yi mana kwanton ɓauna, mun rasa mutane, mun binne wasu da hannunmu. Ina yi musu addu'a kullum, kuma iyakar abin da zan ce ke nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan wannan shi ne gonakin da aka gudu aka bari. Mukan wuce dawa ta nuna har ta zube, ba mai girbi.

Damina ta biyu ta same mu a wani yanki mai baƙar laka, irin ta gonar audugarmu, amma ta fi ta riƙe ruwa. Ko'ina taɓo ne har ƙwauri. Ramukanmu suka zama kududdufai. Ba a yarda mutum ya cire takalmi ba sai da izini, don ba a san lokacin da za a taso mana ba. Limamin da ke tare da mu ya ce mu riƙa shafa a kan takalmi idan mun yi alwala. Saboda haka sai mutum ya yi kwanaki babu wanda ya ga ƙafarsa, har shi kansa.

A lokacin nan ne kyaftin ɗinmu ya kira ni ya ce sunana na cikin waɗanda za a ba igiya, wato ƙarin girma, idan muka kammala wannan aikin, saura mako uku. Igiyar farko ke nan, wadda na yi shekaru ina jira. Na riga na faɗa wa maiɗakina a waya.

Bayan kwana biyu muna ratsa wata tsohuwar gona, sai na ji wani abu ya shige tafin ƙafata ta hagu. Ƙasan takalmin dama ya tsage. Da muka tsaya na koma bayan wata bishiya na duba. Guntun ƙarfe ne mai tsatsa, ina jin bakin tsohuwar fartanya ce da mai ita ya yar. Ramin bai da faɗi, amma ya yi zurfi. Ban yi wani tunani ba. Na matse jinin. Na roƙi gishiri wurin mai dafa abinci. Na ɗebi kananzir daga risho a murfin gora. Na yagi tsohuwar singileti na ɗaure tamau, na mai da safa mai jiƙe, na mai da takalmi. Na san dokar rahoto. Amma na san idan na faɗa za a mai da ni baya, igiyar ta wuce ni. Kuma na tabbata nan da kwana uku zai warke, kamar yadda ya saba a gida.

Sajenmu mutumin kudu ne, ya daɗe a arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Duk lokacin da aka sami sarari yakan sa mu zauna a jere mu cire takalma, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa, hagu tukuna sannan dama. A wannan makon ya yi sau ɗaya. Da na ji za a yi, sai na karɓi gadin wani na tafi bakin rami. Wannan da gangan na yi shi, ba zan ɗora wa kowa ba.

A kwana na uku muna tafiya, sai na ji muryar Ɗan Fulani daga bayana, ƙasa-ƙasa.

"Kaɗo, me ya sami ƙafarka ta hagu?"

Na ce babu komai. Ya ce ƙarya nake yi. Na ce ya gan ni ina ɗingishi ne? Ya ce a'a, shi ya sa abin ya dame shi. Ya ce sawuna yake kallo a taɓo tun jiya. Na dama yana nutsewa gaba ɗaya, na hagu kuma gefe kawai ke taɓa ƙasa. Ya ce tun yana yaro aikinsa ke nan, da safe idan shanu za su fita ya tsaya a baya ya kalli takunsu. Saniyar da ke ɗingishi a fili ba ta ba shi tsoro. Wadda ke ɓoyewa don kada garke ya bar ta, ita ce ake tararwa kofato ya ruɓe. Na ce masa ni ba saniyar ubansa ba ce. Ya yi dariya ya ce da saniyar ubansa ce da tuni ya kayar da ni ya duba.

Da yammacin ranar na kwance tsumman kamar yadda aka saba. Wurin bai bushe ba. Ya kumbura, gefensa ya yi fari, tsakiya ya yi duhu. Na ƙara gishiri da kananzir na sake ɗaurewa. A kwana na huɗu takalmin ya fara matse ni. A na biyar zazzaɓi ya zo, kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Ina cin abinci da rana Ɗan Fulani ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya taɓa wuyana da bayan hannu. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce in je in faɗa wa Saje, in ba haka ba shi zai faɗa. Na gaya masa maganar igiya, na ce saura mako biyu, ya rufa mini asiri don Allah. Ya ce igiya a hannu ake ɗaura ta, ba ta taka ƙasa. Na ce masa idan ya buɗe baki, to ni da shi har abada. Ya dube ni ya ce ya ji, ya tashi.

Washegari da safe aka jera mu ana ba da aikin ranar. Saje ya gama ya tambaya ko akwai mai magana. Sai na ji an buga ƙafa a gefena. Ɗan Fulani ya fito daga layi, ya ƙame, ya ce, "Yallaɓai, na huɗu yana da rauni a ƙafar hagu, kwana shida ke nan."

Saje ya sa na zauna a kan akwatin harsashi. Takalmin ya ƙi fita, sai da aka yanka shi da wuƙa. Da aka kwance tsumman, waɗanda ke kusa suka ja da baya suna toshe hanci. Ni ma na ji warin. Ƙafar ta yi suntum har idon sawu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi. Saje ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni me na sa. Na faɗa masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa ya koya mini. Na ce mahaifina.

Ya ce, "Mahaifinka da takalmi yake noma?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To shi ƙafarsa tana shan iska da rana. Kai ka rufe taka cikin ruwa kwana shida. Ka dafa ta ne."

Mota ba ta iya zuwa inda muke saboda taɓo, tana can kan tudu, tafiya mai ɗan nisa. Saje ya ce a samu mutum biyu su ɗauke ni. Ɗan Fulani ya ce shi kaɗai ya isa. Ya miƙa wa wani bindigarsa, ya goya ni. Siririn mutum, ƙafarsa na nutsewa yana zarewa, yana haki, amma bakinsa bai huta ba. Ya ce bai taɓa ɗaukar buhun masara mai fushi ba sai yau. Ya ce idan na warke in aiko masa da ladan dako. Da ya sauke ni a motar ya miƙo hannu, na kau da kai.

A asibitin sojoji wata likita ce ta karɓe ni, mace, hafsa ce. Aka yi mini aiki sau biyu. Aka cire ƙaramin yatsan, aka kankare naman da ya mutu, aka yi ta allura. Ta ce da na ƙara kwana biyu, daga gwiwa za ta yanke, idan ma na zo da rai. Na ce na gode, amma ban yarda ba. Na ɗauka haka likitoci ke tsorata mutane. A raina na ce yatsa ɗaya ne, da an bar ni da na jure mako biyun.

Wata huɗu na yi kafin in taka sosai. Ina kwance labari ya zo cewa an raba igiya, kuma wadda aka ce tawa ce Ɗan Fulani aka ba. Daga ranar na gama yanke hukunci: don ita ya tona ni. Ya yi ta kirana a waya ban ɗauka. Ya aiko wani da gaisuwa da ƙullin kilishi, na ba majinyacin da ke kusa da ni. Da na warke aka sa ni gadin ma'ajiyar kaya, daga baya aka mai da ni wani rukuni, na sake zuwa gabas sau biyu. Igiyata ta zo bayan shekara uku. Sau ɗaya muka haɗu da shi a bariki, lokacin yana da igiya biyu. Ya taho da sauri yana dariya, yana cewa, "Kaɗo, kana nan?" Na tsaya na ƙame na sara masa kamar yadda ake yi wa na gaba, na wuce. Na ga yadda dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. A lokacin na ji daɗin haka.

Da shekaruna suka cika na yi ritaya na dawo gida. Yayana ya mai da mini gonata, na ƙara wata a hanyar Gozaki. Ina noma masara da waken suya da dawa. Ina bin shanun huɗa da ƙafata, ina zagaya gona da asuba, ina tafiya kasuwar Bakori a ƙasa idan babur ya lalace. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina da me nake wannan tafiyar ba. Maiɗakina ta san labarin. Sau ɗaya ta ce mini, "Malam, mutumin nan fa goya ka ya yi." Na ce ta bar maganar da ba ta sani ba. Ta bari.

Abin da ya juya ni ya faru ne damina uku da suka wuce. Akwai wani dattijo da gonarsa ke iyaka da tawa, ya girme ni sosai, abokin yayana ne. Yana da 'yar fadama yana shinkafa. Yanzu manoma sun koyi sa dogon takalmin roba saboda feshi da ruwa, shi ma yana sawa, tun safe har yamma. Wata rana na hango shi yana tahowa a kan iyaka, na lura yana taka gefen ƙafa. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, lafiya dai ƙafar?" Ya ce kara ne ya ɗan soke shi, ya sa gishiri da kananzir, ya ɗaure. Ya ce ai ni ɗan gidan wane ne, na san abin. Na ce Allah ya sawwaƙe. Na so in ce ya cire in gani, amma na ga babba ne, kuma mutum ne mai saurin fushi, ga mu da iyakar gona. Na yi shiru. Kwana biyu bayan haka na sake ganinsa, takun ya ƙara lalacewa. Na sake yin shiru.

A kwana na tara ɗansa babba ya zo ya ce baba ba ya gane mutane. Muka samo mota muka nufi asibiti a Malumfashi, kansa a kan cinyata. Da ma'aikaciyar jinya ta kwance tsumman, warin ya bugi hancina. Shi ne. Ban taɓa manta shi ba, ashe. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceci ransa, amma ƙafar daga ƙasan gwiwa aka yanke.

Na fito na zauna a kan dakalin asibitin na yi lissafin kwanaki. Nawa shida, nasa tara. Likitar sojoji ta ce mini da na ƙara biyu, ƙafar ta tafi. Ashe ba tsorata ni ta yi ba. Sannan na ga ɗaya abin, wanda ya fi zafi. Na ga ciwon maƙwabcina na yi shiru don kada mu ɓata. Ɗan Fulani ya ga nawa, na gaya masa ƙarara za mu ɓata har abada, ya ce ya ji, ya je ya faɗa. Igiyar kuwa, da na tsaya na duba da hankali, ai shi ke bina a layi, shi ke bina a shekarun aiki. Idan na fita dole shi za a ba. Babu wani makirci a ciki. Ni na ƙulla shi a raina don ya fi mini sauƙi da in ce na yi wauta.

Ragowar daminar ni da 'ya'yan dattijon muka ƙarasa masa shinkafarsa. Yanzu da sanda biyu yake zuwa gona, ya zauna a inuwa yana ba da umarni. Na nemi gafararsa a kan shirun da na yi. Ya ce ko na faɗa da ba zai ji ba. Wataƙila haka ne. Ni ma ban ji ba, amma an kai ni.

Da aka gama girbi na shiga neman Ɗan Fulani. Ba ni da lambarsa, don na daɗe da gogewa. Na je wurin dillalan shanu a kasuwar Bakori na kwatanta shi: tsohon soja, siriri, mai surutu, mutumin Matazu. Mako na biyu wani ya gane shi, ya faɗa mini ƙauyen. Na zaɓi buhun masara mafi kyau, na ɗaure a babur, na jira rana ta ɗaga sosai saboda halin da hanya take ciki a shekarun nan, na kama hanya.

Na same shi bayan azahar a gindin wata tsamiya a ƙofar gidansa, yana gyaran igiyar ɗaure maraƙi. Gemunsa ya yi fari, ya ƙara ramewa. Na kashe babur na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, sannan ya ɗago. Ya daɗe yana kallona. Na riga na shirya maganata a hanya, kashi uku: in amsa laifina, in nemi gafara, in yi godiya. Na buɗe baki zan fara ta farko, sai ya ce, "Tsaya, Kaɗo. Yau ma sara mini za ka yi, ko hannu za ka ba ni?"

Na ba shi hannu. Ya riƙe bai saki ba. Ya leƙa bayan babur ya ga buhun, ya ce ashe ladan dakon ne ya iso, amma shi ya tuna buhun da ya ɗauka ya fi wannan nauyi. Ya ƙwala wa maiɗakinsa kira ta kawo fura, ya ce mata ga Bahaushen nan da yake ba ta labari, wanda ya dafa ƙafarsa da kananzir. Ta gaishe ni daga bakin zaure tana dariya, ta ce sun daɗe da sanina a gidan.

Duk da haka sai da na faɗi maganata, dukan ukun, a jere, don abin da na zo yi ke nan. Na gaya masa har zargin da na yi masa a kan igiya. Ya saurara bai katse ni ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da na gama ya ce ya yafe tun ranar da ya goya ni, abin da ya dame shi kawai shi ne ranar bariki. Ya ce ya koma ɗaki ranar ya kasa cin abinci. Ya ce bayan tafiyata wanda aka sa a gabansa a layi bai kai ƙarshen daminar ba, ya faɗi sunansa, muka yi masa addu'a tare. Muka bi sauran mutanen rukuninmu ɗaya bayan ɗaya, wa ke raye, wa ya rasu. Saje yana nan, ya koma garinsu yana kiwon kaji. Na karɓi lambarsa, daga baya na kira shi shi ma na yi masa godiya.

Da la'asar ta yi muka yi salla, na ce zan kama hanya tun da sauran rana. Ya ce saura abu ɗaya. Ya ce in cire takalmi in taka daga tsamiyar zuwa bakin rijiya in dawo. Na ce masa ni dattijo ne yanzu, da jikoki. Ya ce shi ma saje ne mai ritaya, umarni ne. Na cire. Ya koma bayana ya tsuguna, kamar yadda ya ce yakan yi wa shanu da safe. Na tafi har rijiyar na juyo. Ya bi sawuna a ƙasa yana dubawa, hagu da dama.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Ta hagun tana ɗan kauce wa ƙasa ta wajen yatsan da babu. Amma tana nutsewa. Idan aka kawo mini wannan a kasuwa zan saya."

Na sa takalmina na hau babur. Tun daga shekarar, buhun farko da aka ɗinke a gonar hanyar Gozaki nasa ne, kuma ni nake kai shi da kaina. A gidana kuma na kafa doka. Da damina duk wanda ya yi aiki a gonata, ɗana ne ko ɗan ƙwadago, ko da ya girme ni, ba ya tafiya sai ya zauna a bakin rijiya ya cire takalmi na duba. Wasu suna jin haushi, akwai wanda ya daina zuwa. Ina farawa da hagu.